Kaset ɗin Gwaggo Mai Jan Zare

Makon da ya wuce na kai fankata wurin mai gyara a kasuwa, ina tsaye sai ga wani dattijo ya kawo tsohuwar rakoda a cikin buhu. Da mai gyaran ya kwance bayanta, warin batir da ya daɗe da zubewa ya taso, haɗe da na roba mai zafi. In ka girma a zamanin kaset ka san warin nan, ba sai na yi maka bayani ba. Ni dai ban ƙara jin abin da ake ce mini game da fankata ba. Tuni na koma Dutse, ina 'yar shekara goma sha biyu, ina laɓe a bayan teburin mai lemo a bakin tasha, ina leƙen Gwaggona.

Bari in fara faɗa maka halina, don kada ka ɗauke ni salihar yarinya. Allah ya yi ni da sa ido. In mutum biyu suka rage murya, ni a wurina an fara ƙulla wani abu ke nan. In aka rufe kwano da faifai biyu maimakon ɗaya, sai na san abin da ke ciki. Inna takan ce da ni za a haifa namiji da alƙali zan zama, kuma da na ɗaure rabin unguwa. Ina jin daɗin wannan magana a lokacin, don na ɗauka yabo ce.

Gidanmu yana Limawa. Mahaifinmu malami ne, kowa Malam yake ce masa har mu 'ya'yansa, kuma yana da makaranta a zaure inda yaran unguwa suke karatu safe da yamma. Ba shi da gonar kirki, ba shi da shago. Abin da ya mallaka shi ne sunan gidansa, don saboda sunan nan iyaye suke turo 'ya'yansu. Akwai rediyo a ɗakinsa, amma labarai da tafsiri kawai take yi. Ban taɓa jin kiɗa ya tashi a cikin gidanmu ba, ko ranar suna.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a garin ya canja murya. Rumfunan kaset na bakin tasha, waɗanda a da kalangu da kukuma suke tashi daga cikinsu har ka kasa jin ɗan kamasho, duk suka koma wa'azi da karatu. Mutane da yawa sun yi murna, Malam ma yana cikinsu. Amma tare da murnar sai ido ya buɗe. Maƙwabci yana lura da wanda ya shiga gidan maƙwabci, ana tambayar wa aka gani a ina, da wa, da wane lokaci. Ga yarinya mai irin halina, wannan zamani ya zo daidai.

A cikin wannan yanayi Gwaggo ta dawo gidanmu. Yayar Malam ce, ta girme shi sosai, ita ta goya shi bayan mahaifiyarsu ta rasu. Ta yi aure a Miga fiye da shekara talatin, mijinta manomi ne, kuma duk abin da ta haifa bai rayu ba. Ya rasu gab da kaka. Da ta fita takaba Malam ya je da kansa ya ɗauko ta, ya buɗe mata ɗakin da ke kusa da bishiyar dabino, ya faɗa a gaban kowa cewa ɗakin nan nata ne har ƙarshen rai. Ba ta da wani wuri da ya fi nan. Gidan mijin ya shiga rabon gado, 'yan'uwansa sun karɓa.

Mace ce doguwa, mai tsabta, ba ta cika dariya ba. Abu ɗaya da na fara lura da shi a kanta shi ne ba ta ƙaunar tattabaru. Maƙwabcinmu yana da su, sukan sauko tsakar gida tsintar tsaba, kuma da ta ji kukansu sai ta fito da tsintsiya kamar an ce mata ɓarawo ya shigo. Inna ta ce mijin Gwaggo ma ya yi kiwonsu, kuma a makon da ya rasu ta rabar da su duka sadaka, ko ɗaya ba ta bari ba. Na ajiye wannan a raina, na yanke hukunci ni kaɗai cewa Gwaggo ba ta son mijin nata.

Da bazara ta shigo ta fara fita. Tsohuwa ce, babu mai hana ta zuwa dubiya ko barka ko gaisuwar mutuwa, kuma da yake ba ta san gari ba, ni aka ba ta rakiya. Ranar farko mun dawo daga dubiya a Takur, rana tana dukan duwatsu har iska ta yi zafi, sai ta ce mu bi ta tasha. Ba hanyarmu ba ce. Ta tsayar da ni wurin mai lemo, ta ce in jira, ta nufi wata rumfar kaset. Na ga ta sunkuya kusa da kunnen saurayin da ke ciki, ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ya saurara, ya yi murmushi, ya girgiza kai. Ta wuce rumfa ta gaba ta yi haka.

Aka yi ta biyu, aka yi ta uku. Daga baya ta tsaya a kan rumfa ɗaya, ta wani saurayi mai doguwar hula. Ran nan ina leƙe na ga ta zaro wani ƙulli daga lalitarta, an ɗaure shi da hankici, ta miƙa masa. Ya duba dama, ya duba hagu, ya tura shi ƙarƙashin tebur. A hanyar gida ta saya mini gyaɗa, ta ce ba duk abin da ido ya gani baki yake kaiwa gida ba. Da ta san ni, da ba ta faɗa mini haka ba.

Kwana biyu ina gina magana a cikin kaina. Na ce ko magani ne take karɓa, ko asiri za ta yi wa waɗanda suka gaje gidan, ko kuma saƙo take aika wa wani tsoho ta hannun yaron. Kowanne na ɗauka sai in ga ya zauna daram. Inna ma ta riga ta fara tambayar abin da yake tsayar da mu a hanya, don wata maƙwabciya ta ce mata ta hango mu a tasha. Da ta matsa mini sai na zazzage mata komai, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, na ƙara gishiri. Na ce sun daɗe suna raɗa. Na ce yaron ya yi dariya irin ta waɗanda suka saba.

Ashe Malam ma maganar ta riga ta same shi. Uban wani ɗalibi ya tare shi a ƙofar masallaci, ya ce cikin ladabi ana yawan ganin tsohuwar gidan Malam a rumfar masu kaset, kuma mutane ba sa rasa abin faɗa. Ka san irin wannan magana. Ba a ce za a janye yara daga makaranta ba, amma Malam ya ji abin da ba a faɗa ba. Inna kuma ta ƙara masa da abin da na faɗa mata.

Bayan la'asar ya sallami yara da wuri, ya shigo cikin gida, ya durƙusa a bakin ƙofar Gwaggo ya gaishe ta kamar yadda ya saba. Sannan ya tambaye ta abin da take nema a tasha, da abin da ke cikin ƙullin. Ta ci gaba da cire zare a bakin tabarma. Ya sake tambaya. Ya ce ba ya zarginta da komai, amma in ba ta faɗa masa ba, ba shi da abin da zai faɗa wa mutane, kuma dole fitar ta tsaya. Ta ɗago kai ta dube shi.

"Malam, ni na goya ka ko kai ka goya ni?"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ya tashi, ya ce to shi zai je ya gani da idonsa. Ni kuwa ina bakin murhu, har raina ina jin daɗi, don shirun da ta yi ya tabbatar mini akwai abin ɓoyewa.

Washegari da hantsi ya sa ni gaba in nuna masa rumfar. Da mai doguwar hula ya ga malami da rawani ya tsaya a kansa, sai ya miƙe tsaye, ya kashe sifika, ya fara rantsuwa cewa shi karatu kawai yake sayarwa, a duba. Malam ya ce ba kayansa ya zo dubawa ba, ajiyar yayarsa ya zo gani. Yaron ya jawo ƙullin, ya kwance. Kaset ne guda ɗaya, tsoho, babu kwali, babu rubutu, sai wani jan zare da aka ɗaura a ramin gefensa. Ya saka a rakoda. Wa'azi ne a kan ladabin cin abinci, irin wanda ake ji a kowace rumfa.

Sai yaron ya yi bayani. Ya ce Baba tsohuwa ta ce da can waƙa ce a ciki, wani ya ɗora wa'azi a kai. So take a wanke mata wa'azin, kamar yadda ake wanke allo a ga sauran tawada a ƙasa, ko waƙar za ta fito. Ya faɗa mata ba ya yiwuwa, ba ta yarda ba, shi ya sa ya karɓa ya ajiye don kada ya kunyata ta. Ya ce ba ta san sunan kaset ɗin ba, ba ta san mawaƙin ba, ko baiti ɗaya ba ta yarda ta furta ba. Sai dai ta rufe baki ta rera da hanci, kuma duk layin nan an san ta, babu wanda ya gane waƙar. Malam ya tambaya ko ta faɗi na wane ne. Yaron ya ce abin da take cewa kawai shi ne, na shi mutumin ne.

Malam ya daɗe yana kallon jan zaren. Ni ban gane ba a lokacin, na ɗauka ma an kama ta, tunda ga mutum ya fito a maganar. Sai da muka kama hanya, na ji yana maimaita salati a hankali, sannan na tuna ban taɓa jin Gwaggo ta ambaci sunan mijinta ba, ko ta ce maigidana. Matan zamaninta ba sa yi. Ashe shi mutumin mijinta ne.

Kafin mu bar rumfar yaron ya ce akwai wani tsoho a Takur, shi ya fara ɗaukar kaset a garin nan tun kafin Dutse ta zama babban birnin jiha. In akwai mai ganewa, shi ne. Amma ya kwashe kayan kiɗansa ya ɓoye, kuma ba ya yarda da kowa yanzu, balle mai rawani.

A gida Malam ya ajiye ƙullin a gaban Gwaggo. Ba shi ta kalla ba, ni ta kalla, kallo ɗaya, sannan ta juya fuskarta bango. A haka ta yi maganar, guntu-guntu. Ta ce duk shekara in hadari ya fara haɗuwa, shi mutumin yakan fito da rakoda tsakar gida da safe, yana gyaran ƙotar fartanya yana jin wannan kaset. Shi ya ɗaura masa zare don kada ya ɓace cikin sauran. Ita kuma kullum faɗa take yi, tana cewa dattijo da shi yana ɓata batir. Ba ta taɓa tambayar sunan waƙar ba, don tambaya tana nufin tana saurare. Da aka raba gado, rakoda da kaset-kaset suka faɗa hannun ɗan ƙanensa. Kafin ta iya buɗe baki ta aika a karɓo mata wannan, yaron ya riga ya cusa takarda a ramukan bayan kaset ɗin don ya ɗauku, ya ɗauki wa'azi a kai, shi a ganinsa lada ya nema wa mamaci. Ta ce yanzu har sautin ya fara gudu daga kanta, wani wurin in ta kai sai ta rasa abin da ke biye.

Malam ya ce ta ɗauko mayafinta. Ta ce a bar maganar. Ya ce shi ya buɗe abin da ta rufe, ba zai bar shi a buɗe haka ba. Ya roƙe ta da girman mahaifiyarsu har ta tashi.

Tsohon na Takur yana zaune a zaurensa da tiren goro. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya dubi rawanin Malam, ya dubi titi, ya ce shi yanzu goro yake sayarwa, wanda ya ce yana da kaset ya yi masa sharri. Malam ya ce ba wanda ya aiko shi, yayarsa ce take neman abin marigayi. Tsohon ya tambayi wa ya nuna mana gidan, ya tambayi ko akwai wasu a waje, ya leƙa da kansa. Can ya ce to, Hajiya ta rera ya ji. Malam ya miƙe zai fita don ya ba ta wuri, sai tsohon ya tare ƙofa.

"A'a, Malam, zauna. In ka fita ban san da wa za ka dawo ba."

Haka aka yi Gwaggo ta rera waƙa a gaban ƙanenta, malamin unguwa, da 'yar cikinsa. Ta juya baya, ta ja mayafi har goshi. Muryar ta fito siririya, tana rawa, ta tsinke, ta sake kamawa. Malam ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na san ni na jawo.

Tsohon ya ce kiɗan garaya ne, amma masu garaya suna da yawa, kuma da yawansu babu wanda ya taɓa buga musu kwali. Ya tambaya ko akwai 'yan amshi mata. Ta ce babu. Ko ana ambaton wani sarki. Ta ce babu. Ya murza goro a hannu, sannan ya tambaya ko ana jin kukan tattabaru a ciki. Gwaggo ta ce a'a, tattabaru dai a gidansu suke, shi mutumin yana kiwo, kuma da ya kunna kaset ɗin sai su kama kuka, har takan ce masa tsuntsayensa ma sun koyi zaman banza.

Tsohon ya tashi ya shiga cikin gida. Mun ji ana jan kwalaye daga ƙarƙashin gado. Ya dawo da rakoda da kaset ɗaya, ya tura ƙyauren zaure, ya rage murya sosai. Ya ce mai garayar a zauren gidansa aka ɗauke shi, inda tattabaru suke kwana a saman azara, kuma babu yadda ba a yi ba su yi shiru suka ƙi. Tun daga nan masu kaset ba su san shi da wani suna ba sai Mai Tattabaru. Ya danna.

Garaya ta fara, a hankali, daidai yadda ta rera. Sai murya ta shigo. Ba a jima ba, daga bayan muryar, sai ga su suna kuka, biyu ko uku, a cikin zauren da babu tsuntsu ko ɗaya. Gwaggo ta juyo tana duban rufi, ta dubi rakodar.

"Ashe ba nasa ba ne," in ji ta. "Shekara talatin ina zagin tsuntsayen bawan Allah. Na rabar da su don kada in ƙara ji."

Sai ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar da aka kawo ta gidanmu. Babu wanda ya ba ta haƙuri. Tsohon ya bar kaset ɗin ya ci gaba har gefen ya ƙare.

Ya ɗaukar mata a sabon kaset. Malam ya ari biro ya rubuta sunan a jiki da ajami, don shi kaɗai Gwaggo take iya karantawa, ya ce kuma duk wanda ya gani a gidansa zai gane rubutun wane ne. Ya sa a aljihunsa ya ɗauko har gida. A masallaci ya faɗa wa uban ɗalibin nan cewa yayarsa ajiyar mijinta ta je nema, da saninsa, kuma maganar ta mutu a nan.

Na ɗauka an gama. Amma da ruwan farko ya sauka Gwaggo ta ɗaure kayanta, ta ce za ta je wurin ƙanwarsu a wani ƙauye bayan Miga ta taya su shuka. Kowa ya ga kayan sun fi na shuka yawa. Malam ya durƙusa a bakin ƙofar nan ya daɗe yana roƙo. Ta ce ba fushi take yi ba, ya yi mata abin da ba kowane ƙane zai yi ba. Sai dai ba za ta iya zama inda aka ji muryarta haka ba, kuma ba za ta iya fita tana waiwayen wanda ke biye da ita ba. Ni na ɗaukar mata ƙullin kaya zuwa mota. Na so in ce ta yafe mini, bakina ya ƙi buɗewa. Ita ce ta dafa kaina.

"Da kin tambaye ni ma, 'yar nan, ba zan faɗa miki ba. Amma da kin tambaya."

A ƙauyen ta ƙarasa rayuwarta, a gidan da babu rakoda, cikin ɗakin da take rabawa da jikokin ƙanwarta. Malam bai taɓa yi mini faɗa a kan maganar ba, kuma hakan ya fi duka zafi. Duk shekara kafin damina yakan sa a gyara rufin ɗakinta, bai ba kowa shi ba har ya rasu.

Yanzu rumfunan kaset na bakin tasha babu su. 'Yata takan kara wayarta kusa da sifika, kafin ka ƙifta ido sunan waƙa da na mawaƙi sun fito, babu mai sunkuyawa a kunnen wani, babu mai ganinka balle ya kai rahoto. Gidanmu na Limawa ma ƙannena sun gyara shi. Ɗakin da ke kusa da dabinon an toshe ƙofarsa ta ciki, an fasa wata ta titi, an ba da haya. Wanda yake ciki tura wa mutane waƙoƙi yake yi a waya, kuma an ce duk wadda ka tambaya yana da ita. In na je gida nakan bi ta gabansa in shiga ta zaure. Har yau ban iya taka ƙofar ba.